Kwance Robar Nan Kafin Ka Kama Hanyar Agadas

Daga Galma, zuwa ga ɗana Isufu a Madawa.

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Habsu, ina gaida jikata, amaryata Nana, wadda ta kama mini gemu jiya ta ƙi saki. Allah shi tsare ku a zaune, shi tsare ku a tafe, shi sa takardar nan ta riske ka ba ka ɗaura kaya ba. Ka yi haƙuri da rubutun, na tsoho ne. Na ba Malam Idi, mai kai albasa Madawa, na ce ya sa ta a hannunka, kada ya ba kowa. Ban kira ka a waya ba don na san yadda za ta kasance: ka ce "to Baba, to Baba," ka kashe, ni kuma kunnena bai ɗauki rabin abin da ka faɗa ba.

Isufu, tun da kunka tafi jiya ban dawo daidai ba. Tuwon da maƙwabta sunka aiko yana nan a rufe. Abin da na gani a cikin motarka shi ya hana ni ci.

Ka zo sallama saboda an mai da aikinka Agadas, ka zo da iyalinka da abokinka Sani, cikin motar Turai da ka saya. Ka buɗe kapo, murfin inji, kana murna, ka ce, "Baba, taho ka ga abin da ba ka taɓa gani ba. Motocinku na da da hanci kawai suke shaƙar iska. Wagga zuga-zugi gare ta." Sani ya ce, "Tsoho, a zamaninku sai an tura, ko?" Na ce masa, "A zamaninmu ubanka ne ke turawa." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ka nuna mini kwamfuresa, wadda inji ke juyawa tana cusa masa iska da ƙarfi kamar yadda maƙeri ke zuga wuta. Sannan ka nuna mini gwangwanin da ka ɗaura da hannunka a kan tiyon numfashin inji, ka ce a waya ka ga yadda ake yi, ka ce yana tare mai don kada ya shiga wurin iska. Na ji daɗi a raina. Na ce yaron nan ya san mota na numfashi.

Sai ka ce wa Sani ya taka ta in ji muryarta. Idona ba ya gani sosai, don haka na ɗora hannu a kan tiyon da ya fito daga gwangwanin. Da ya taka, tiyon ya kumbura a cikin tafina, ya yi tauri kamar jijiyar wuyan bijimi. Na bi shi da yatsa don in ji inda ya nufa, sai hannuna ya ci karo da sandar awon mai. An naɗe kanta da robar cikin taya, an ɗaure tam a jikin ƙarfe.

Na ce, "Mi ne ne wanga?"

Ka ce, "Ai tashi take yi, Baba. Da na taka sai ta yi tsalle ta fesa mai. Na ɗaure ta, ta kwanta."

Daga nan ne na saki tiyon na jingina da motar. Kun ɗauka rana ce ta buge ni. Habsu ta sheƙa ta kawo ruwa, kai ka kama ni ka zaunar a gindin iccen bedi. Ba rana ba ce. Robar nan na gani. Na san ta, na san yawan naɗinta, na san ƙullin, don ni ma na taɓa ɗaure irinta da wannan hannun.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin motarka, gwargwadon abin da na sani. Ban taɓa tuƙa mai kwamfuresa irin taka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma cikin inji ɗaya ne tun da anka fara ƙera shi. Duk sa'ad da esansi, wato fetur, ya kama wuta a saman fistan, wani hucin yakan zurare ta gefen zobba ya sauka ƙasa, wurin da mai yake kwance. Hucin nan dole ya fita, kuma in zai fita yakan ɗebi tururin mai. Masu ƙera mota sun ba shi tiyo ya koma wurin shan iska a ƙone shi. A mota mai zuga-zugi man nan yana shafe cikin kwamfuresa da duk hanyar iska, ya gauraya da esansi ya rage masa ƙarfi, inji ya riƙa ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Balle da esansin kwalba na bakin hanya, wanda ba ka san abin da anka haɗa a ciki ba. Saboda haka dabararka ta sa gwangwani a tsakiyar tiyon mai kyau ce: tururi ya shiga, mai ya kwanta a gindi, iska ta wuce. Ban ce ka cire shi ba.

Amma inda ka kai bakin tiyon, nan ne ɓarnar take. Ka haɗa shi a bayan kwamfuresa, inda iska ke fitowa da ƙarfi, kuma ban ji ɗan marfin nan da ke barin iska ta bi gefe guda kawai ba. In mota na tsaye tana kaɗawa a hankali, komi lafiya. Da ka taka, zuga-zugin ba inji kaɗai yake hurawa ba, yana hura gwangwanin, daga gwangwani ya hura cikin kwanon mai. Ƙofar da ka yi don huci ya fita ta zama ƙofar da ake cusa masa wani. Sandar awon mai da ke tsalle ita ce kaɗai bakin da motar ta samu ta gaya maka. Ka ɗaure mata shi.

Yanzu ka ji nawa kuskuren na fari.

Sa'ad da nake saurayin direba ina jan kamiyo, babbar motar kaya ta wani ɗan kasuwar albasa. Ina ji da kaina a lokacin. Na yi lakkol, makarantar boko, ina karanta takardun mota da Faransanci, ina sa farar riga in shiga tasha. Motocin wancan zamani ba su da gwangwani ko komi, tiyon numfashi a sake yake yana kallon ƙasa, yana ɗigar mai. Motata ta tsufa, ɗigarta ta fi ta kowa. Duk inda na tsaya sai ta bar baƙin tabo, ƙasa ta manne a gefen inji. Direbobi sunka sa ni gaba. In na shigo sai wani ya ce, "Ku ba Alasan hanya, motarshi na mura!" Wani ya miƙo mini tsumma ya ce in fyace mata hanci. Abin ya ci mini rai. Na samo reshen aduwa na fiƙe shi da wuƙa, na buga a bakin tiyon, na wanke inji da gazuwal, man dizal, har yana ƙyalli. Na kira su sunka gani. Ba wanda ya sake magana, na ɗauka na yi nasara.

A satin nan anka yi mini lodin albasa zuwa Tawa ta hanyar Buza da Keita. Bazara ce kamar yanzu. Marigayiya uwarka ta ce in rage mata hanya zuwa wurin danginta a Keita, tana goye da yayarka Rabi, wadda a lokacin ba ta kai Nana ba. Da munka kama hawan dutsen bayan Buza na ji warin mai. Na tsaya na buɗe. Sandar awo ta tashi, mai ya fesa ko'ina. Ban tambayi kaina abin da ya tashe ta ba. Na yanko roba na ɗaure ta, na goge hannu, na ce wa uwarka ba komi.

Iskar da ba ta samu tiyo ba, ba ta samu sanda ba, ta nemi wuri na gaba mai rauni. Akwai zobe a gindin inji mai tare mai, shi ta fasa. Ban sani ba ina tafe. Sai da inji ya fara bugu na waiwaya na ga baƙin layi ya biyo mu a kan jar ƙasa har inda ido ya ƙare. Ta tsaya mana a kan fako, inda ba itace, ba rijiya, sai baƙaƙen duwatsu da ba ka iya taɓawa da hannu.

Kai da Rabi kun san labarin nan, amma a bakin uwarku kunka san shi, kuma ita da dariya take ba da shi. Takan ce, "Ranar da ubanku ya yi wa mota maganin mura." Ku yi ta ƙyalƙyala, ni ma in taya ku. Ta rufa mini asiri ne, Allah shi jiƙanta. Abin da ba ta taɓa faɗa muku ba ga shi.

Ruwan salkarmu ya ƙare tun rana ba ta kai tsaka ba, don ban cika ta ba, na ce ai tafiyar ba nisa. Munka shige ƙarƙashin mota. Ba motar da ta wuce. Rabi ta yi kuka, ta yi kuka, uwarka na ba ta nono har nonon ya ƙi zuwa. Ina zaune ina jin kukan yana damuna, ina cewa a raina da ma ta yi shiru in yi tunani. Can sai ta yi shirun. Uwarka ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo ta ce, "Malam, ta bar kuka." Na duba. Idon yarinyar a buɗe, ba ya bin komi, maɗigar kanta ta faɗa ciki, leɓenta ya bushe kamar ɓawon albasa. Na sa yatsa a bakinta, ba ta tsotsa ba.

Isufu, na tsufa, na binne uwarka, na binne abokaina, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan yinin ba. Na tashi na kama gudu a kan duwatsu ban san inda na nufa ba, ina kiran mutane a wurin da ba mutane. Da la'asar Allah ya kawo wani Buzu da jakunansa. Bai tambaye ni komi ba. Ya kwance salkarsa, ya jiƙa bakin rawaninsa ya riƙa ɗiga mata a baki kaɗan-kaɗan, har ta motsa, har ta yi wani ɗan kuka kamar na ɗan akuya. Albasar mutane ta dahu a cikin buhuna, aikin ya bar hannuna, duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya zauna mini shi ne maganar nan ta uwarka. Ita na ji jiya da na taɓa robarka, ga Nana a bayan Habsu tana wasa da ɗankwali.

Don haka ka riƙe wannan: in wani abu a mota ya tashi daga mazauninsa, kada ka fara da mayar da shi, ka fara da tambayar abin da ya tashe shi. Mu mutanen nan komi ya motsa roba muke nema. Ƙafar gado, bakin tulu, kan fartanya, buhun da ke bayan babur, duk roba ta ɗaure mana su kuma sun zauna. Shi ya sa hannunka ya tafi wurinta ba ka yi tunani ba, kamar yadda nawa ya tafi. A wannan wuri ɗaya dabarar gidanmu kashe mutum take yi.

Kuskurena na biyu a kan gwangwanin kansa ne. Bayan shekaru na samu aikin tuƙi wurin Turawa a Keita, lokacin da ake gyaran fako ana dasa itatuwa. Makanikin wurin ya sa wa motocinmu irin wannan gwangwani, ya ce mu riƙa zubarwa. Na buɗe nawa da sanyin safiya a watan ɗari, na ga ya tara abu. Zubar da mai? Ni da na tashi a gidan da in an auna man gyaɗa sai an sa yatsa an kalace ludayi? Na ce Turawa ne ke da almubazzaranci. Na tace shi da tsumma na mayar a inji. Na yi ta yin haka duk ɗarin nan, ina jin ni mai tattali ne. Wata rana na kawo gwangwanin gida, uwarka ta leƙa ta ce, "Wanga ba mai ba ne, nono ne ya lalace." Gaskiyarta. Launinsa kamar kunun da anka zuba wa madara, warinsa na hawa kai. Rabinsa ruwa ne, sauran esansin da bai ƙone ba da dattin wuta. Abin da inji ya amayar nake ɗura masa. Kafin damina an sauke injin, makaniki ya nuna mini ƙarafan cikinsa duk sun ci.

Ban ga ka yi wannan ba, amma na san gidan da ka fito. Abin da ya shiga gwangwani ya gama aikinsa a mota. Ka zuba shi a tsohuwar kwalba mai marfi, in ka ga dama ka shafa wa ginshiƙan rumfa don gara. Kada ka zubar kusa da rijiya, kada ka aje inda Nana za ta kai hannu, yanzu komi baki take kaiwa. Kuma kada ka manta da shi. Gwangwanin da ya cika ya fi rashin gwangwani sharri, don in ya kai baki inji zai zuƙe abin da ke ciki gaba ɗaya. Duk inda ka tsaya shan esansi, ka bari ta huce ka buɗe ka duba, har ka san saurin cikarsa. In ka ga yana cika da wuri, ba laifin gwangwani ba ne, zobban fistan ne sunka gaji, ka nemi mai gyara.

Kuskurena na uku bai tsufa ba, jiya na yi shi. Na ga abin da na gani, na yi shiru. Na sa muku albarka, na tsaya a ƙofar gida ina ɗaga hannu har ƙurarku ta kwanta.

Na yi ta tambayar kaina dalili. Da fari na ce don Sani ne, ban so in kunyata ka a gaban abokinka da matarka. Wannan gaskiya ne amma ba duka ba. Gidan nan shiru gare shi, Isufu. Tun da uwarka ta rasu, Rabi na can ɗakin mijinta a Sabon Gida, in ba kiran salla ba sai in yini ban ji muryar da ta kira ni ba. Jiya gidan ya cika. Ka zauna kusa da ni, ka ci abinci a kwanona, ka kira ni in ga abin da ka yi da hannunka kamar sa'ad da kake yaro kana ƙera motar kara. Na ji tsoron in na ce "ka yi kuskure" fuskarka za ta canza, ka tafi da fushi, kuma ban san ko akwai wata zuwa da za ka tarar da ni ba. Na zaɓi ka tafi kana murmushi. Sai da na koma ɗaki na gane abin da na yi: don in ji daɗin yini ɗaya na bar jikata ta shiga wannan mota. Na kama baki. Tsoho da furfura, wanda ya ga abin da na gani a fakon Buza!

Kada ka gaji wannan a wurina. In ka ga abin da zai cuci naka, ka faɗa ko za a ɓata maka rai. Kuma in naka ya faɗa maka, ka saurara. In kuna tafe Habsu ta ce tana jin warin mai, kada ka ce mata mi ta sani a mota. Hanci gare ta, kuma ita ke riƙe da yarinya. Ka tsaya.

Ga abin da nake so ka yi tun kana Madawa. Ka kwance robar nan da hannunka. Ka kai motar wurin wanda ya saba da masu kwamfuresa, ba wanda zai ce "Allah shi kai ku lafiya" ya rufe kapo ba. A cire bakin tiyon daga inda ka sa shi a mayar gaban kwamfuresa, wajen da take zuƙa, ko a sa masa marfin nan mai hanya ɗaya, mai gyaran zai san wanda ya dace da irin injinka. Tiyon ma a canza, wanda na taɓa mai laushi ne, irin na ban ruwan garka, zafi da mai za su narkar da shi. A leƙa ƙarƙashi a ga ko zoben gindin inji ya riga ya fara jiƙewa, don ban san tsawon lokacin da ka yi kana hura shi ba. In an gama, ka hau gudro, hanyar kwalta, ka taka ta sosai, sannan ka tsaya ka buɗe. In sandar na zaune da kanta ba abin da ya riƙe ta, to. In ta sake tashi, ciwon ya wuce tiyo, kuma motar nan ba ta zuwa Agadas a satin nan. Ni na san hanyar. Bayan Abalak akwai wuraren da fakon Buza gari ne a kansu, kuma yanzu ba zafi kaɗai ake tsoro ba in mota ta tsaya a daji.

Na san za ka ce ranar kama aiki ta matso, gyara zai ci lokaci. In haka ne ka sa Habsu da Nana a bas, kai ma ka bi su, mota ta same ku daga baya. Ba wanda zai rage ka don ka sauka a tasha.

In kuwa ka karanta duk wannan ka ce tsoho ya ruɗe, ka ga za ka tafi da ita yadda take, to ba zan yi maka baki ba. Albarkar da na sa maka jiya tana nan, ban janye ko kaɗan ba. Amma na gaya wa Malam Idi ya leƙa motar da idonsa ya dawo mini da labari. In ya ce ba a taɓa ta ba, zan hau bayan lodin albasarsa ranar Laraba in zo. Likita ya hana ni doguwar tafiya, na sani, kai ma ka sani. Na riga na sa rigunana da magungunana a jaka, tana bakin ƙofa. Ka gaya wa Habsu ta bar mini kujerar gaba. Ba zan iya zama a Galma ina lissafin inda kunka kai ba. In motar za ta tsaya da Nana a daji, ta tsaya ina ciki.

Allah shi kiyaye hanyarku, shi kiyaye abin hawanku, shi sa inuwa da ruwa a duk inda kunka sauka. Allah shi ba ka haƙurin karanta maganar tsoho har ƙarshe. Allah shi raya Nana, shi sa ta yi ta kuka da ƙarfinta har Agadas.

Ni ne ubanka,
Alasan.